Landan zuwa Paris: minti 50 a sama, awa shida a hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Cikin duk abin da ke samun mutanenmu a filayen jirgin saman Turai, babu mai ciwo kamar wannan: mutum ya iso bakin ƙofar shiga jirgi yana haki, fasfonsa lafiya lau, bizarsa da sauran kwana, tikiti ya saya da guminsa, ga jirgin can yana hango shi ta gilashi ko motsi bai yi ba, sai ma'aikaciya ta dubi kwamfutarta ta ce masa an rufe. Ba tsawa, ba faɗa, wani lokaci har da murmushi. Ya nuna mata agogo, saura kwata cif kafin lokacin da ke rubuce a tikiti. Ta ce ta gani, amma an rufe. Ya haɗa ta da Allah, ya ce ɗaurin aure za shi ko jana'iza, ya nemi a kira masa babban wurin. Babban ya zo ya dubi kwamfutar nan, ya maimaita abin da ta faɗa. Dattijo mai furfura da yaro ɗan makaranta amsa ɗaya suke samu, kuma a gaban jama'a. Kuɗin tikiti ya tafi, sai a sake sayen wani da farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada.

Yawancin waɗanda abin ke rutsawa da su ba lalaci ya ja musu ba, lissafi ne ya ci su. Sun ga an rubuta cewa tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, suka ɗauke ta tafiyar nan da can, suka fito daga gida a makare. Shi ya sa na ga ya dace a warware lissafin dalla-dalla. Zan ɗauki hanyar Landan zuwa Paris, wato daga filin Heathrow zuwa filin Charles de Gaulle, hanyar da 'yan uwanmu mazauna Ingila da na Faransa ke bi in zumunci ya kira.

Tsakanin filayen biyu a miƙe kilomita 348 ne ko kusa da haka. Don a gane, bai ma kai tazarar Kano zuwa Abuja ta sama ba, wadda ta ɗan haura kilomita 360. Jiragen da ake sawa a hanyar, galibi ƙirar Airbus masu ɗaukar mutum ɗari da wani abu, in sun miƙe a sama suna gudun kusan kilomita 830 a awa. In ka raba, minti 25 ke nan. Amma babu jirgin da ke yin ta a minti 25, kuma ga dalili. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. A ƙasa da ƙafa 10,000 akwai dokar da ta taƙaita gudu zuwa wajen kilomita 460 a awa, kuma a gajeriyar tafiya irin wannan kaso mai yawa na hanyar a hawa da sauka yake ƙarewa. Kafin ya kai tsayin da manyan tafiye-tafiye ke kaiwa, lokacin gangarowa ya yi. Sannan ba ya bin layi miƙaƙƙe. Titunan Heathrow gabas da yamma suke kallo, kuma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi. Da yake iskar yamma ta fi yawa a Landan, sau da yawa sai jirgi ya tashi ya nufi yamma, ya juya wa Paris baya, kafin ya yi kwana ya kamo kudu maso gabas. A can ma sai an jera shi a layin sauka. Idan aka haɗa, zaman sama yakan kama minti 45 zuwa 55.

To me ya sa tikiti ke cewa awa ɗaya da minti 15 ko 20? Saboda abin da kamfani ke ƙirgawa shi ne daga lokacin da aka tura jirgi baya daga mazauninsa har ya tsaya cik a mazauninsa na can. Duk tafiyar da yake yi a ƙasa kamar mota tana ciki. Heathrow titi biyu kacal gare shi, amma jirage kusan 1,300 ke tashi da sauka a kansu kullum, ya kuma ɗauki fasinja kusan miliyan 84 a 2024. Da safe za ka leƙa ta taga ka ga jirage a jere, hanci a wutsiya, kowa na jiran a ba shi izini. Charles de Gaulle kuwa titi huɗu gare shi, fili ne makeke, jirgi zai iya sauka ya yi minti 15 ko fiye yana rarrafe kafin ya kai ƙofa. A dawowa Landan akwai wani ƙarin: idan layin sauka ya cika, sai a sa jirgi ya yi ta kewaya a ɗaya daga wuraren jira huɗu da ke saman gefen birnin, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka matsala aka samu, ya kama salati da ƙarfi, alhali layi ne kawai.

Sai maganar agogo, wadda ita ma tana ruɗa mutane. Paris ta riga Landan da awa ɗaya duk shekara, kuma kowane tikiti da agogon garin da ake magana a kai yake aiki. Jirgin da ya tashi Landan ƙarfe 9:00 za a rubuta ya sauka Paris 11:20, sai ka ga kamar awa biyu da minti 20. Na dawowa kuma ya tashi 12:00 ya sauka 12:20, kamar minti 20. Duk tsawon ɗaya ne. Ga masu jiran waya a gida, ku riƙe wannan: da sanyi, daga Lahadin ƙarshen Oktoba zuwa Lahadin ƙarshen Maris, agogon Paris daidai yake da na Kano da Yamai, Landan na baya da awa ɗaya. Da bazararsu kuma, bayan sun tura agogo gaba, Landan ce ke daidai da gida, Paris ta wuce da awa ɗaya. Wanda ya sayi tikitin safiyar Lahadin da ake sauya agogo a Maris ya yi hattara, daren nan awa guda ake yanke masa.

Yanzu mu koma ga ƙofar nan, domin ita ce uwar matsalar. Lokacin da ke kan tikiti lokacin janye jirgi ne, ba lokacin zuwan fasinja ba. Kafinsa akwai shingaye uku, kowanne da mintinsa. Na farko kantar auna kaya: a gajerun tafiye-tafiye takan rufe minti 40 zuwa awa ɗaya kafin tashi, gwargwadon kamfani. Na biyu wurin bincike: a Terminal 5 na Heathrow, wato ginin fasinja na biyar, inda British Airways ke aiki, sai ka ɗora katin shiga jirginka a kan na'urar shiga bincike aƙalla minti 35 kafin tashi. In ka wuce, ƙyauren gilashin ba zai buɗe ba, ko da jakar hannu kaɗai kake riƙe da ita. Na uku ƙofar jirgi: British Airways na rufewa saura minti 20, easyJet kuwa saura minti 30 take rubutawa. Tsakanin bincike da ƙofa kuma akwai tafiyar ƙafa, wasu ƙofofin na Terminal 5 ma sai ka hau wani ƙaramin jirgin ƙasa na cikin filin. Ba a cika kiran mutum da lasifika ba, allo ne ke magana, kuma lambar ƙofa ba ta fitowa da wuri. Mutum zai zauna yana hira a waya da 'yan gida, ya ɗaga kai ya ga allo ya riga ya koma ja.

Ba mugunta ke sa su ƙin buɗewa ba, ko da yake a lokacin haka mutum yake ji. Kowane jirgi a filin da ya cika irin wannan yana da gurbin tashi da aka ba shi. In ya rasa gurbinsa, sai ya jira a sake nemo masa wani, jinkirin minti biyar ya zama na awa. Kafin a rufe ƙofa kuma ana miƙa wa matuƙi takardar nauyi: mutum nawa, kaya kilo nawa, a ina aka jera su, mai nawa aka sha. Ƙara mutum ɗaya bayan an rufe takardar yana nufin a sake lissafi. Sannan dokar tsaro ba ta yarda akwati ya tafi ba tare da mai shi ba, don haka da zarar an cire sunanka sai a shiga cikin jirgi a zaƙulo akwatinka. In an fara wannan aikin, magana ta ƙare. Jirgin da kake gani a tsaye nan kuma ba hanya ɗaya zai yi yau ba, zai je ya dawo ya sake zuwa wani gari, kuma jinkirin safe yana bin sa har dare. Wani abin da ya kamata a sani: a kamfanoni da yawa, in ka rasa jirgin tafiya a tikitin zuwa da dawowa, na dawowar ma soke shi ake yi, sai in ka tuntuɓe su nan take.

A nan dole in faɗa mana gaskiya. Mun taso a tsarin tashar mota, inda mota ba ta tashi sai ta cika, inda ake ce wa direba ya ɗan dakata Alhaji na alwala, kuma ya dakata. Taron ƙarfe goma sai sha biyu, kuma wanda ya zo a kan lokaci shi ake yi wa kallon marar aikin yi. Har a filayen jirginmu mun saba jin an riƙe jirgi saboda wani babba yana hanya, mutum ɗari suna gumi a ciki ba mai cewa uffan. Wannan ɗabi'ar muke sakowa a akwati mu zo da ita, sai ta ci mu. Akwai jinƙai a cikin al'adarmu ta jira, ban musa ba, kuma ranar da ka ga tsohuwa tana kuka a bakin rufaffiyar ƙofa za ka yi kewar wannan jinƙan. Amma jinƙan da muke yi a gida ga mai hali yake tsayawa, talaka ba a riƙe masa jirgi. A nan ba a riƙe wa kowa.

Sai zuwa filin kansa, wanda shi ne ke cinye lokacin da ba a lissafawa. Heathrow na wajen kilomita 24 yamma da tsakiyar Landan. Heathrow Express daga tashar Paddington minti 15 ne, amma ya fi kowa tsada. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, wajen rabin awa ne daga Paddington. Layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa shi ne mai sauƙin kuɗi, amma daga tsakiyar gari sai ka ware awa guda, ga tsayawa tasha-tasha. A duba Terminal tun daga gida: Air France a Terminal 4 take, British Airways a 5, kuma tsakaninsu ba tafiyar ƙafa ba ce. Layin Piccadilly ma rabuwa yake yi, wani jirgin ya nufi 4, wani ya nufi 5, sai an karanta goshinsa. A ɓangaren Paris, Charles de Gaulle na wajen kilomita 25 arewa maso gabashin birnin. Jirgin ƙasa na RER B yana kai ka tashar Gare du Nord da ke cikin Paris cikin minti 35 ko makamancin haka, tikitinsa Yuro 13 a 2025. Tasi kuɗinta ƙayyadadde ne, a 2025 Yuro 56 zuwa ɓangaren arewacin kogin Seine, 65 zuwa na kudu. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana ce maka tasi, ka wuce shi. Na halal a layi suke a waje, da fitila a kan rufin mota.

Mu tara. Awa ɗaya daga cikin Landan zuwa Heathrow. Awa biyu a filin, wanda shi ne abin da ake ba da shawara. Awa ɗaya da minti 20 na jirgi. Fita, layin fasfo da jiran akwati a Paris, minti 45 zuwa awa ɗaya ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, domin layinmu daban yake da na 'yan Tarayyar Turai kuma ya fi jan jiki. Sai tafiya zuwa tashar RER da shiga gari, wani minti 50. Awa shida ke nan, in komai ya tafi daidai.

Masu neman araha sukan koma Gatwick ko Luton, inda easyJet ke tashi zuwa Paris. Babu laifi, amma araha ba ta ado. Gatwick na wajen kilomita 45 kudu da Landan, Luton wajen 50 a arewa, kuma kuɗin jirgin ƙasa zuwa can yana iya kusantar kuɗin tikitin sama. A Faransa akwai filin Beauvais da ake liƙa wa sunan Paris alhali yana wajen kilomita 85 daga birnin, bas ɗinsa fiye da awa. A karanta sunan fili da kyau kafin a biya. Farashin da ake tallatawa kuma na kujera ne tsurarta, da 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka: a easyJet santimita 45 da 36 da 20, har da tayoyi da mariƙi. A bakin ƙofa akwai wani akwatin ƙarfe na gwaji. Za a ce ka saka jakarka, in ba ta shige ba ka biya nan take da kati, a farashin da ya fi na intanet nesa ba kusa ba. Akwatin cikin jirgi mai kilo 23 kuɗinsa daban, wani lokaci ya kai na kujerar. Mu kuwa ba ma tafiya hannu rabbana, sai da tsaraba. Wanda zai ɗauki kaya ya gwada farashin manyan kamfanoni tukuna, sau da yawa bambancin ba shi da yawa in an haɗa komai. Air France na yarda da jakar hannu mai santimita 55 da 35 da 25, nauyin kayan hannu duka kilo 12.

Wurin bincike nan ne ake wa tsarabarmu kisan gilla. Tun 2006 dokar ruwa-ruwa a jakar hannu ita ce kwalba kada ta wuce mililita 100, duka kuma su shiga leda guda mai haske mai cin lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Wasu filayen sun sa sababbin na'urori sun sassauta, amma filin da za ka dawo ta cikinsa yana iya kasancewa a tsohuwar doka, don haka a shirya kamar ba a sassauta ba. Zuma, man shanu, man ja, humra, turaren kwalba, man kaɗanya mai laushi, duk ruwa ne a wurinsu. Za ka ga jami'i sanye da safar roba ya ɗaga kwalbar humrar da aka haɗa wa amarya, ya juya ta, ya duba gindinta, ya jefa a kwandon shara kamar ba komai ba. Duk irin waɗannan a sa su a babban akwati, a naɗe da leda biyu. Kilishi da dambun nama da shi kansa man shanun kuwa maganarsu daban ce: tun farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, an hana shiga Faransa da nama ko kayan madara daga Ingila, ko a wane akwati suke. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da garin kunu ba su cika jawo magana ba, amma a rubuta sunansu a jikin leda.

Takardu kuma su ne inda ake yin asara mafi girma, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai irin su Faransa da ake shiga da biza guda, ba ta taɓa shiga ba. Mai fasfon Najeriya da ke zaune a Ingila da cikakken izini sai ya nemi bizar Shengen kafin ya leƙa Paris: kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita. Haka ɗan Nijar mai katin zama a Faransa, katin nan zai kai shi Beljiyam da Jamus da Italiya, amma ba zai shigar da shi Landan ba sai da bizar Birtaniya. Kamfanin jirgi ne ke fara dubawa, domin tara ake cin sa in ya kawo mutum ba takarda, shi ya sa ko kanta ba za ka wuce ba. Masu tasowa daga Abuja ko Legas ko Akra su yi sauyin jirgi a Paris zuwa Landan su ma su kula: Najeriya da Gana na cikin ƙasashen da ake nema wa bizar ratse ko da mutum ba zai fita daga filin ba, sai in yana da wasu takardun da ke ɗauke masa. Kada wani ya ɗauka bizar Birtaniya ta isar masa, ya tambayi ofishin jakadancin Faransa kafin ya biya tikiti. Tun Oktoban 2025 kuma ƙasashen Shengen sun fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi masu gajeriyar ziyara a bakin iyaka, wanda ya ƙara wa layi tsawo.

Abin da zai ba ɗan gida mamaki shi ne, a wannan hanyar jirgin ƙasa ya fi jirgin sama sauri. Eurostar na tashi daga St Pancras a tsakiyar Landan ya sauke ka Gare du Nord a tsakiyar Paris cikin awa biyu da minti 20 ko ƙasa kaɗan. Layin kilomita 492 ne, ya fi na sama tsawo, amma yana gudun kilomita 300 a awa, ya ratsa ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 da aka buɗe a 1994, wajen minti 20 a cikin duhu. Jami'an Faransa a Landan suke duba fasfo kafin ka hau, don haka in ka sauka sai dai ka ja akwatinka ka fita titi. Akwati biyu da jakar hannu, ba a aunawa muddin za ka iya ɗauka da kanka, ba kuma dokar mililita 100. Shi ma yana rufe ƙofa saura minti 30, a zo da awa ɗaya da kwata a hannu. Jimla ba ta kai awa huɗu ba. Aibinsa tsada in an makara wajen saye. Wanda aljihunsa ya yi sanyi kuma akwai bas daga tashar Victoria, awa takwas zuwa goma, ko ta ramin ko ta jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais. Faransa ma a 2023 ta hana jiragen cikin gida daga filin Orly na Paris zuwa Lyon da Nantes da Bordeaux, saboda jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Duk lokacin da aka yi wannan maganar sai zuciya ta tafi layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da jiran ranar da zai iso Kano. Da tazarar Kano da Abuja ta samu irin wannan jirgin, da mutane da yawa ba su sake kwana a filin jirgi suna jiran hazo ya washe ba. Jirgin sama a hanyar Landan da Paris ya fi amfani ga wanda zai sauya zuwa doguwar tafiya, ko wanda gidansa ke kusa da filin. In sauyi za a yi, a sayi tikiti guda mai haɗe da tafiyar duka. In an raba biyu don araha kuma na farko ya makara, na biyun ba ruwansa.

Akwai abin da duk tsarin nan bai iya bayarwa ba. A filin Malam Aminu Kano, mota uku ke raka mutum ɗaya, a yi addu'a a tsaye, a yi ta "Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutan can". A Heathrow tun 2021 ko tsayawa ka sauke ɗan uwanka a bakin ƙofa kuɗi ne, kamara ke ɗaukar lambar mota, a biya ta intanet kafin ƙarshen washegari ko tara ta biyo ka gida. Sallama a cikin mota ake yin ta, a gaggauce. Ba mai ɗaukar maka kaya, sai keken tura kaya, wanda kyauta ne a Heathrow da Charles de Gaulle. Ɗakin ibada akwai a Heathrow da Charles de Gaulle, a bi alamar da ke bango ko a tambayi ma'aikaci. Buta ce babu. A riƙe gorar roba wadda ba komai ciki, tana wuce bincike, a cika ta a famfo daga ciki. Tafiyar ta wuce tazarar ƙasaru nesa, kuma da sanyi rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Landan, don haka mai jirgin rana ya lissafa azahar da la'asar tun kafin ya shiga layi.

Tsaurin da suke yi wa fasinja, doka ta yi musu irinsa, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a tsarin. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce in jirgi ya isar da kai a makare da awa uku ko fiye, a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, kamfani zai biya ka diyyar Yuro 250, ko da tikitinka bai kai haka ba. Birtaniya ta riƙe irin dokar bayan ficewarta, nata fam 220. Daga awa biyu na jira kuma abinci da abin sha a wuyansu yake, in kwana ya kama har da otal da motar kai ka. Ana ƙirga lokacin isa ne daga sa'ar da aka buɗe ƙofar jirgi, ba sa'ar da taya ta taɓa ƙasa ba. Ba a biyan diyya in dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazo mai kauri ko yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage, wanda a Faransa ba baƙon abu ba ne, amma ko a nan abinci da masauki ba sa faɗuwa. Lalacewar jirgi ta yau da kullum ko rashin ma'aikata kuwa ba uzuri ba ne. Mu ma a gida muna da dokar kare fasinja a takarda, amma mutum nawa ne suka taɓa bin haƙƙinsu? Za a ɗage jirgin safe zuwa dare, mu ce haka Allah ya so, mu tattara mu koma. Haƙuri ibada ne, amma barin haƙƙi ga wanda ya cuce ka shi ke sa gobe ya cuci wani. Abin takaici, mutanenmu na nan ma da yawa ba sa nema. Ba lauya ake buƙata ba. A ajiye katin shiga jirgi da lambar tikiti, a ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin, a tambayi ma'aikaci dalili a rubuta, a adana rasit na duk abin da aka ci ko aka kwana. Sannan a cike fom a shafin kamfanin kai tsaye, ba ta hannun 'yan tsakiya masu yankar kaso ba. In sun miƙo takardar rangwamen tikiti a madadin kuɗi, kana da ikon ƙi ka ce kuɗi kake so, kuma a Ingila kana da har shekara shida kafin damar neman ta wuce.